Tsintsiya Ta Sami Mawaƙi, Zango Fa?



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukanmu da ƙofofin masallatanmu na Pissy da kewaye, kuma lokaci ya yi da za a fito da ita fili a yi ta da hujja. Maganar kuwa ta samarinmu ce da suka kamu da son kiɗan nan mai ƙara, wanda ake haɗa gambarar zamani da jitar lantarki da manyan ganguna, har wasunsu suna tara kuɗi don su shiga situdiyo su fitar da faifai nasu. Wasu daga cikin dattawanmu na ganin maganin abin shi ne a ƙwace wayoyi, a hana taruwa a bayan gida, a kai ƙarar duk yaron da aka gani da jita wurin mahaifinsa. Muna girmama furfurarsu, mun kuma san tsoron lalacewar tarbiyya ne ya sa suke faɗin haka. Sai dai a ganinmu an saki reshe an kama ganye. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, yaran nan suna waƙa da Faransanci, suna yi da More, wasu har da guntun Ingilishin da ba su san ma'anarsa ba, Hausa kuwa sun baro ta gida wurin tsofaffi. Jama'ar da take 'yar tsiraru a gari, idan harshenta ya fita daga bakin mawaƙanta, to saura ƙiris ya fita daga bakin jikokinta.

A gaban malamai an koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. To, bari mu san wannan kiɗa tukuna. Gambarar zamani, wadda suke kira rap, ta taso ne a unguwannin baƙaƙen fata na birnin Niyok a Amurka cikin shekarun 1970: magana ce mai amsa-amo da ake jerawa da sauri a kan bugun ganga. Kiɗan rok kuwa na jitar lantarki ne mai ƙugi. A 1986 mawaƙan gambara na Run-DMC suka haɗa gwiwa da makaɗan rok na Aerosmith a waƙa guda, duniya ta ga ashe ana iya auren biyun. A watan Nuwamba na 1992 wasu samari huɗu daga Los Anjalas, masu kiran kansu Rage Against the Machine, suka fitar da faifansu na farko. A shekarar nan ce birninsu ya kama da wuta, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauki hotonsu suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King. Mai kaɗa musu jita, Tom Morello, mahaifinsa ɗan Kenya ne. A cikin faifan akwai ashar da ba za mu yarda ɗanmu ya maimaita ba ko a mafarki. Amma akwai kuma abin lura: shekara 17 bayan fitowarsa, a ƙarshen 2009, ɗaya daga waƙoƙinsa ta hau kan gaba a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila. Wanda bai taɓa buɗe littafin tarihin Amurka ba ya san fushin wannan shekara ta hanyar faifan nan.

Abin da Turawa ke kira albam, mu kundi ya fi dacewa mu ce masa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san kundi: takardu ne da aka tara a hankali, aka jera, aka ɗaure, don abin da ke cikinsu ya wuce mai shi ya isa ga magada. Faifan da aka zauna aka tsara a situdiyo haka yake. Waƙa goma ko sha biyu, kowace da wurin zamanta, an yi watanni ana gyara kalma da sauti, sa'an nan a rufe a ce ga shaidarmu a kan zamaninmu. Ya sha bamban da guntun bidiyon daƙiƙa talatin da ake jefawa a TikTok yau, gobe a manta.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga aikin irin wannan kundi. A nan Wagadugu muka gani da idonmu. Serge Bambara, wanda aka fi sani da Smockey, ya dawo daga Faransa a 2001 ya buɗe situdiyon Abazon, inda mawaƙan gambara da yawa na ƙasar nan suka fara ɗaukar muryarsu. A 2013 shi da Sams'K Le Jah suka kafa ƙungiyar nan mai alamar tsintsiya, Balai Citoyen. Kowa ya san abin da ya biyo baya: yunƙurin taɓa aya ta 37 ta tsarin mulki, ƙona majalisa ranar 30 ga Oktoba 2014, da saukar Blaise Compaoré washegari bayan shekara 27 a kan karaga. A 2015 Smockey ya fitar da faifansa Pre'volution, wanda ya tara waƙoƙin kafin boren da na cikinsa. A ɗaya daga cikinsu mawaƙin ya ɗauko shugaban ƙasa a bayan babur ɗinsa ya zaga da shi gari, ya nuna masa abin da gilashin mota ke ɓoye masa. Da sojojin fadar shugaban ƙasa suka yi juyin mulki ranar 16 ga Satumba 2015 a ƙarƙashin Janar Gilbert Diendéré, washegari aka kai wa situdiyon Abazon hari, wuta ta ci kayan aikin.

Ba yabon siyasar kowa ya kawo mu ba. A cikinmu akwai waɗanda suka fita titi a kwanakin nan, akwai waɗanda suka kulle shago suka zauna gida, kowa da dalilinsa. Tambaya ɗaya muke so dattawanmu su auna: in da waƙar nan hayaniyar banza ce kamar yadda ake faɗa a zaure, me ya sa masu bindiga, a ranar da suka fi kowace rana aiki, suka nufi ɗakin da ake ɗaukar ta? Mai makami ba ya ɓarnar harsashi a kan abin da bai ji tsoro ba. Sun fahimci abin da wasu daga cikinmu ba su so su fahimta ba, cewa abin da aka sa a waƙa ya fi wanda aka sa a takarda wuyar gogewa. Yaron da aka haifa bayan 2014 yana iya jin yadda garin nan ya kasance a lokacin, da muryar waɗanda suka gani. Tsintsiya ta sami mawaƙinta.

Zango fa? Mu ma an yi mana abin da ya isa a yi masa kundi. Kakanninmu ba jiya suka zo ƙasar Mosawa ba. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sun bi ta Gurma zuwa Gwanja neman goro tun kafin Bature ya san hanyar, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Har yau sunan Fada N'Gurma yana ɗauke da kalmarmu a gabansa. A tsakiyar Wagadugu muna da unguwa, Zangwetin, wadda sunanta kansa daga zango ya fito, da masallatanta da makarantun allonta da gidajen saukar baƙi. A 2003 aikin ZACA ya bi ta kanta da ita da Tiedpalogo da Peuloghin da wani sashe na Koulouba. Mutanen unguwannin sun kafa ƙungiya sun ce ba za su gusa ba, limamai na gaba, amma a ƙarshe katafila ta shiga. Dubban mutane suka watse, wasu Waga 2000, wasu Nioko, wasu duk inda ƙarfinsu ya kai. An biya diyyar gini, an ba da filaye. Diyyar maƙwabtaka kuwa ba wanda ya iya biya: tsohuwar da take aiken jikan maƙwabciya, da mahaucin da ya san gidan kowa, da liman da mamu da suka shekara talatin sahu ɗaya. Filin da aka share ya yi shekaru yana kwance, ciyawa na tsiro a inda aka yi wa iyayenmu wankan jego.

Wa ya ajiye wannan labari? Wani mai bincike ɗan Kanada, Louis Audet Gosselin, ya rubuta littafi guda a kai da Faransanci, kuma mun gode masa. Amma a tambayi kowane matashi namu da aka haifa a shekarar rusau, wanda yau ya haura ashirin, ya rera baiti ɗaya na Hausa a kan Zangwetin, ko ya lissafa gidaje biyar na unguwar. A tambaye shi ma da Hausa a ji da wane harshe zai amsa. Da can unguwa ce ke riƙe mana harshe, don yaro na fita ƙofa Hausa zai ji. Yanzu mun zama gida ɗaya a nan, gida biyu a can, a lakwal Faransanci, a filin ƙwallo More, a kasuwa Julanci. Ba laifin Mosawa ba ne, su da suka karɓe mu da mutunci muka haɗa aure da jini, kuma sanin harshensu wajibi ne ga mai zama a ƙasarsu. Amma wurin da ya rage wa Hausa a rayuwar saurayi ƙanƙane ne ƙwarai, kuma mafi girmansa shi ne abin da yake sawa a kunne. Wannan wurin ne wasu ke so a toshe.

A ƙarshen 2023 an gyara tsarin mulkin ƙasar nan, aka ɗaukaka harsunan gida, Faransanci ya koma harshen aiki. A Nijar kuma, a 2025, aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ƙofa ce ta buɗe. Amma a ƙasar da ke da harsuna wajen 60, wanda masu shi suka yi gum da shi ba wanda zai kama hannunsa ya shigar da shi. Ana sanin harshe na da rai ne idan an ji shi a rediyo da kasuwa da bakin samari.

Masu cewa wannan baƙon abu ne a wurinmu, su waiwayi tarihin zango kansa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna Salaga a ƙasar Gwanja, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Kraci inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Bahaushe ne a ƙasar da Hausawa ke tsiraru, kamar mu. Da Nasara suka zo suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, bai ce waƙa ba aikin malami ba ce. Ya tsara ta da Larabci da Hausa, ya lissafa garuruwan, ya kuma yi wata a kan talauci da wadata. Yau masana tarihi na duniya wurinsa suke komawa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da waƙa ya gargaɗi sarakunan Arewa a kan mulki. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya sa duniya ta dubi karen mota. Ita kanta magana mai sauri a kan kiɗa, mun riga Niyok saninta: ga kirarin 'yan dambe da mafarauta, ga 'yan gambara a kasuwa, ga 'yan kama, ga zambo da habaici. Ba banza ba gidajen rediyon Hausa suka sa wa rap suna gambara. Jita ce kawai baƙuwa, ita ma 'yar uwar garaya da molo ce da aka jona wa wuta.

Mun san babbar hujja ta addini ce, kuma ba za mu kauce mata ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san ta tsananta a kan sauraron kayan kiɗa, kuma mafi yawan malaman mazhabarmu a kan haka suke. Wanda ya kai ga Ihya'u ya san Imam Gazali ya ware babi guda yana rarrabe sauraro gwargwadon abin da ake faɗa da halin mai ji. Saɓanin tsoho ne, kuma mu ba masu fatawa ba ne; kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Amma a lura da kyau: saɓanin a kan kayan kiɗa yake. A kan magana mai hikima da aka tsara don kare gaskiya ba a yi saɓani ba. Hassanu bin Sabit a masallacin Madina yake kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da baitoci. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i da ya zargi mawaƙa ya keɓe masu imani da aikin ƙwarai da waɗanda suka rama bayan an zalunce su. Saboda haka dattijon da ya ƙi jita yana da madogara, kuma muna mutunta shi. Abin da ba shi da madogara a kai shi ne shiru. In jita ce matsala, ina waƙar Zangwetin da ba kiɗa, irin ta masu wa'azi? Ina wadda aka rubuta da ajami aka ba 'yan makarantar dare su haddace? Wanda ya hana yaro hanyarsa, wajibi ne ya nuna masa wata.

Sa'an nan a yi adalci a ma'auni. A bukukuwanmu ana hayar manyan lasifika a toshe titi, a saki waƙoƙin soyayya na finafinan Kano har dare ya raba, mata da 'yan mata na rawa ana liƙa musu kuɗi a goshi, kuma sau da yawa mai gidan bikin yana cikin masu kukan lalacewar yara. Ana kiran maroƙi ya wasa mutum da kakannin da bai gada ba, a cika masa aljihu. Kiɗan da ke cikin wannan duka bai tayar da hankalin zaure ba. Amma yaro ya ɗauki jita ya ce zai yi waƙar matan da ke fasa dutse a ramin Pissy, sai a ce ya zubar da mutuncin gidansu, ɗan malamai ya koma roƙo. Wannan ba tsoron Allah ba ne tsantsa, akwai tsohon raini na sana'a a ciki, irin wanda ke hana auren ɗan mahauci da ɗiyar attajiri. Ga alama abin da ake ƙi shi ne waƙar da ke tambaya, ita kuwa mai yabo ko da wane kiɗa ta zo ana yi mata maraba.

Ko da an ce a hana, hanin zai yi aiki? Kano ta gwada, kuma tana da hukuma da kotu da 'yan Hisba, abin da mu ba mu da ko ɗaya. Daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin hukumar tace finafinai a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an kama mawaƙa da 'yan wasa, har Adam A. Zango ya shiga kurkuku saboda faifansa Bahaushiya. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums, da Hasbunallahu ta Aminu Ala. Me ya faru? Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya, wanda bai san da su ba ma ya tashi nema. Ziriums ya bar Kano ya fitar da faifansa ta intanet a 2010. Wannan a zamanin ƙananan wayoyi ke nan. Yau da kowane yaro ke da duniya a aljihu, dattijon da ya ƙwace waya ɗaya ya sayi ƙiyayyar ɗansa ne kawai, yaron kuma zai je ya saurara a gidan abokinsa, inda ba mai ce masa wannan kalma ba ta dace ba. Hani ba ya fitar da kiɗa daga kunnen yaro, iyaye yake fitarwa daga shawararsa.

Yanzu kuma ku, 'ya'yanmu, kada ku ɗauka mun zo shafa muku kai ne. Kaso mafi yawa na abin da kuke yi bai cancanci kariya ba. Kun ɗauki wandon da ke zamewa da sarƙar wuya da ɗaga yatsu, kun bar abin da ya sa waɗancan faifai suka rayu. Kuna zagi da harshen da ba ku iya gaisuwa da shi ba. Kuna waƙar motoci da ba ku taɓa shiga ba da bindigogin unguwannin da ba ku taɓa gani ba, a ƙasar da bindiga ta raba dubban ɗaruruwan mutane da garuruwansu, wasunsu suna kwana a unguwannin da ke bayan gidajenku. Wasunku sun ɗauka ƙwaya ce ke kawo basira. Wanda ya yi haka shi ya ba masu hani sanda, kuma kada ya yi kuka in ta sauka a kansa. Samarin Los Anjalas garinsu suka waƙe. Smockey titunan Wagadugu ya bi da babur ɗinsa. Mai kwaikwayon fushin wani, kamar mai kuka ne a makokin da bai san mamacin ba.

Ku dubi maƙwabtanku. Joey le Soldat da More yake gambara, faifansa Burkin Bâ na 2014 ya kai shi dandalin Turai, bai ce sai ya koma Bafaranshe ba. Art Melody da Julanci da More ya yi nasa. A Yamai, ƙungiyar Tal National ta ɗauki jitar lantarki ta yi waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, faifanta Kaani na 2013 ya zaga duniya. Mdou Moctar ya fito daga jihar Tawa da jitarsa da harshen Buzaye, a 2021 ya fitar da Afrique Victime, masu rok na Amurka suka tsaya suna kallo. Kaidan Gaskiya tun farkon gambarar Nijar suka sa wa kansu sunan Hausa. A Najeriya ga DJ AB a Kaduna, ga ClassiQ, ga B.O.C Madaki, sun nuna Hausa na hawa kowane bugu ba ta tuntuɓe. Kuna sauraronsu, mun sani, kuma madalla. Amma su Kaduna da Bauci suke waƙewa. Ba ɗayansu da ya san Zangwetin, ba ɗayansu da ya shaƙi hayaƙin tayar da ake ƙonawa don dutse ya tsage a ramin Pissy, ko ya ga mace da goyo tana hawowa daga ramin da kwanon tsakuwa a ka. In ba ku faɗa ba, ba mai faɗa.

Kada kuma wani ya ce Hausarsa ta gurɓace, yana jin kunyar 'yan Kano su yi masa dariya. Hausar zango Hausa ce. Ta sha ruwan Gurma da na Mosi, ta ɗauki kalmar Faransanci nan da can kamar yadda ta Kano ta ɗauki ta Ingilishi, kuma wannan ɗanɗanon shi ne abin da ba kowa ke da shi ba sai ku. Inda kalma ta ɓace muku, kakanninku na nan zaune a tabarma ba mai tambayarsu.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya buƙatar izinin kowace hukuma. Masu unguwa da sarakunan zango su kira samarin nan zaure, a zaunar da su a matsayin 'ya'ya, a ji abin da suka tsara kafin a yanke hukunci. Tsofaffin da suka san Zangwetin gida-gida, da waɗanda suka gaji labarin hanyar goro, da mahauta da wanzamai da 'yan koli da masu tallar kilishi, su ba da labari a ɗauka a waya. Malami ɗaya ko biyu masu faɗin ƙirji su duba kalmomin, su cire batsa da ashar da cin mutuncin wani, amma kada su cire gaskiya don tana da ɗaci ko don ta taɓa wani mai kuɗi. Attajiranmu su ware kaɗan daga abin da ake watsarwa a liƙin bukukuwan shekara guda su biya kuɗin situdiyo. Su kuma samarin su ɗauki alkawari: kundi cikakke, da Hausa, a kan mutanen garin nan, ba zagin uwar kowa, ba tsiraicin ɗiyar kowa, kuma in an kira salla a ajiye jita. A rubuta baitocin da boko da ajami a raba, don wanda ba ya sauraron kiɗa ya karanta, ya rera da bakinsa in ya so. Ta haka mai bin Risala da mai bin Ihya'u duk za su sami rabonsu, ba wanda aka tilasta wa saɓa wa malaminsa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne a lokacin da ƙasa ke fama da manyan matsaloli. Haka ne, faifai ba ya cika tukunya. Amma a lissafa jana'izar da muka yi a shekarun nan, a ga nawa daga cikin mamatan ne suka san inda rijiyoyin Zangwetin suke da sunan wanda ya haƙa su. Kowane ɗaya da muka kai makwanci ya tafi da abin da ba ya cikin littafin ɗan Kanada. Waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma ba jiranmu ajali zai yi ba har mu gama gardamar jita. Saurayin da ke da waya da kaka a raye, ya je wurinta cikin makon nan ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, ya tambaye ta sunan layin da aka haife ta. Daga nan waƙar farko za ta fito.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Burkina Faso lafiya. Wassalamu alaikum.